Ranar da Injin Baba Buba Ya Ƙi Yin Shiru

Ko da zan manta da duk ranakun da na yi a atiliyen nan, ban da Talatar da na tsaya a gindin wani busasshen itacen dogon yaro a Akokan, ina kallon injin da na gyara da hannuna yana neman ƙafar Baba Buba. Yau mako uku ke nan, kuma har yanzu in wani ya tayar da inji a bayana bai faɗa min ba, sai in waiga a firgice. Shef ne ya ce in rubuta, saboda ku da kuka zo sitaji, wato koyon aiki, bana, da kuma waɗanda suka ji labarin a gari kowa da irin nasa. Ni ban so ba. Amma tun da an ce in faɗa, zan faɗa duka, har da inda ban ji daɗin kaina ba.

Sunana Balkisa. A Arlit aka haife ni, iyayena mutanen Tahoua ne. Na yi jarrabawar birebe, ban ci gaba ba, na shiga makarantar koyon sana'a na yi shekara biyu a ɓangaren ƙananan injuna. Daga nan na zo wurin Shef Kiyari. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Shef shi ne mai atiliye, tsohon makaniken ma'adinai ne da ya ajiye aiki ya buɗe nasa wurin. Mai bi masa shi ne Sani, babban makanike, shi ke karɓar manyan injunan wuta. Ni ce ta uku, teburina na ƙananan injuna ne: famfunan ban-ruwa na masu garka, da ƙananan injunan wuta na masu shaguna da masu tonon zinare. Injin yankan itace ba ya yawan zuwa mana. A garin da itacen ma sai an nema, masu irin wannan inji ba su da yawa.

Bari in bayyana abu ɗaya tun yanzu, don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Irin wannan inji, isansi, wato fetur, da man inji a tanki ɗaya ake haɗa su. Haɗin yana bi ta karburata, a nan yake gauraya da iska daidai gwargwado, ya shiga tumbin injin, sannan ya hau sama ya ƙone. Tumbin nan dole ya zauna a rufe ruf. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe akwai juwan, wato siririn abin da ake shimfiɗawa a tsakani don toshe kafa. In iska ta sami wata kafa ta shiga ba ta karburata ba, sai ta fi isansi yawa. Inji ya riƙa gudu da kansa ko ba a taɓa shi ba, ya yi zafi, daga ƙarshe fistan ya kama. A famfon ruwa iyakar ɓarnar ke nan, inji ya lalace. A injin yankan itace kuwa, in gudun ya wuce wani mataki, sarƙa kan kama ta fara juyawa, ko da mai shi ya saki yatsa.

Baba Buba Bafillace ne, ya haura hamsin, siriri, ga ƙarfin hannu. Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan gidaje da dama suka zama babu kowa, itatuwan da aka yi shekaru ana ba su ruwa suka fara bushewa a tsaye. Shi ake kira ya sauke su reshe-reshe kafin su faɗo wa mutane. Injinsa kuwa ya girme ni. Fentinsa ya goge, igiyar tayarwa ta ɗaurin kaya ce, birkin sarƙa ya daɗe da karyewa.

Ranar Litinin da safe ya shigo da shi a buhu.

"Ina bawan nan nawa?" in ji shi tun daga ƙofa. Shef Babarbare ne, kun san abin da ke tsakaninsu.

"Ga ubangidanka nan zaune," Shef ya amsa, ko kai bai ɗaga ba. "Me ka ɓata kuma? Na sha faɗa maka wannan ba saniya ba ce."

"Saniya ta fi shi hankali. In na ce ta tsaya, tana tsayawa. Wannan in ya yi zafi sai ya riƙa ihu shi kaɗai, kamar Babarbare ya hango bandar kifi."

Muka yi dariya, har da ni. Ku riƙe wannan maganar tasa, in ya yi zafi. Na ji ta da kunnena, amma dariyar na ɗauka na bar maganar.

Shef ya ce, "Balki, karɓi kayan Fillon nan ki duba masa."

Na kwance murfi, na cire karburata. Nan take na ga juwan ɗin da ke tsakaninta da jikin injin ya bushe, ya tsage a gefe. Raina ya yi fari. A makaranta an koya mana cewa inji mai gudu da kansa iska yake sha, ga kuma kafar a gabana, me ya rage? Na ɗauko kwalin ganyen shayi, na ɗora shi a bakin ƙarfen, na bi gefe-gefe ina ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har siffar ta fito, na huda ramukan, na shafa giris, na ɗaure. Haka kowa ke yi a garin nan, sabon juwan na tsohon inji ba samunsa ake yi ba. Ina cikin aikin na lura wayar makunnin da ke kashe injin ta tsinke, an naɗe ta da leda. Na tambayi Baba Buba, ya ce ai ya fi shekara, da sitata yake kashe shi. Sitata shi ne ɗan hannun da ke toshe iska a bakin karburata, in ka ja shi inji na gudu, isansi ya yi masa yawa ya mutu. Ban taɓa wayar ba. Na ce a raina ba ita aka kawo gyara ba.

Sai gwaji. A atiliyoyin garin nan, ba namu kaɗai ba, gwajin ƙaramin inji finjali ɗaya ne. Akwai finjalin shayi da ya tsage a baki a kan kowane tebur. A cika shi da isansi, a zuba, a tayar, in ya ƙare gwaji ya ƙare. Isansi daga nesa yake zuwa mana, ba mai son ƙona shi a banza, kuma mun saba har ba ma ganin abin. To finjali ɗaya a busasshen tanki bai fi ya jiƙa gindinsa ba. In ka karkata injin, tiyo ya rasa abin sha, ya mutu. Don haka ba a karkatawa, a zaune ake gwada shi, a kan tebur. Mintuna kaɗan ne, da sanyin safiya, babu itacen da za a yanka. Injin ya tashi a ja na biyu, ya zauna a ralanti, wato ƙaramin gudun da yake yi in ba a matsa ba, yana tuk-tuk-tuk kamar sabo. Sarƙa ko motsi. Na ce, "Shef, ya yi." Shef na ƙarƙashin wani babban inji, ya saurara daga can, ya ce, "Madalla."

Washegari Talata ina da aiki a wata garka bayan Akokan, famfo ya ƙi jan ruwa. Baba Buba ya ce in biya masa da injin tun da hanya ɗaya ce. Na hau kabu-kabu da buhun a cinyata. Na same shi wajen ƙarfe goma a wani gida da katangarsa ke jingine da ta maƙwabta, matar maƙwabcin ce ta yi ta kuka da reshen da ya rufa wa tsakar gidanta. Ya kamata in miƙa masa in wuce. Ban wuce ba. Gaskiya so nake in ga aikina yana cin itace.

Ga yadda yake yi. Igiya ɗaya a ƙugunsa, ita ke riƙe shi. Wata doguwa kuma ya jefa ta bisa reshen sama, baki ɗaya a ɗaure da injin, ɗaya bakin ya ɗaure a gindin itacen. In ya gama yanka reshe sai ya saki injin ya rataya a gefensa yana ralanti, ya sauya wurin tsayawa, ya sake kamo shi. Ya cika tanki, ya tayar, ya hau. Reshe na farko ya faɗo, na biyu ya faɗo. Ina ƙasa ina murmushi ni kaɗai. A na uku sai da ya kwantar da injin a gefensa, don reshen a miƙe yake tsaye, kuma ya daɗe yana yanka, itacen ya bushe ƙamas. Reshen ya tafi. Ya saki yatsa, ya saki injin kamar kullum.

Injin bai sauka ba. Ƙara hawa ya yi. Wani irin ihu siriri da ban taɓa ji ba, sarƙa na gudu har ba a ganinta, injin yana lilo a jikin igiya, ya tafi, ya dawo. Baba Buba hannunsa ɗaya a reshe, ɗaya yana gyara igiyar ƙugu. Dawowar farko ya naɗe ƙafa, ya wuce. A ta biyu na ga tsumman wandonsa ya tashi sama. Bai yi ihu ba, "La'ilaha illallahu" kawai na ji. Ba shi da hannun kai wa sitata, makunni kuma ni na san babu.

Ban san lokacin da na isa gindin itacen ba. Ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa, ko kuma yatsuna ne suka ƙi. Ya dai kwance. Nauyin ya fizge ni, igiya ta ƙona min tafi, na yi baya da ita ina sassautawa har injin ya bar wajen ƙafarsa ya sauko. Ya dira a ƙasa yana watsa rairayi, yana juyawa kamar zai taso. Na zagaya ta bayansa, na taka hannun da ƙafa, na ja sitata. Ya yi tari biyu ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ihun ban tsoro. Na kasa ɗaga kai. Sai na ji daga sama, "Ɗiyata, matsa, zan sauko."

Ya sauko da kansa. Sarƙar ta taɓa shi a sha-raɓa, bayan ƙauri, tsawon yatsa. Jini na zuba cikin takalminsa. Matar maƙwabcin ta fito da zane muka ɗaure, aka kira kabu-kabu, muka kai shi gidan likita aka ɗinke. Mai ɗinkin ya ce da ta ƙara shiga kaɗan da jijiya ta tafi. Ya tambayi yadda aka yi. Ina tsaye a wurin, da kayan aiki a jikina, da baƙin mai a hannuna. Baba Buba ya ce, "Injina ne ya tsufa, ni ma haka." Bai ambaci gyaran da na yi ba.

Ban je garkar ba. Gida na koma, na shiga ɗaki. Mahaifiyata ta ga tafina ta tambaya, na faɗa mata. Tun farko ba ta so aikin nan ba, amma ranar man kaɗanya kawai ta shafa min. Ni kuwa abu ɗaya ke juyawa a kaina: juwan ɗin kwalin da na yanka. Ko ya tsage da zafi, ko ban ɗaure daidai ba. Na yanke wa kaina hukunci, in shi ne, na bar aikin. Wanda hannunsa ya kusa raba magidanci da ƙafarsa ba shi da abin nema a gaban tebur.

Laraba da safe na zo da kayan aikina a ninke cikin leda. Injin yana kan teburina, an kawo shi. Sani na tsaye a kansa.

"Kwalin shayi fa kwalin shayi ne," in ji shi, ba ni yake kallo ba. "Akwai yadda ake yanka shi. Ba kowane hannu ba."

Na ajiye ledar gaban Shef. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Shef, in aikina ne ya jawo, ba zan iya ci gaba ba."

"In aikinki ne. Kin duba?"

"A'a."

"To wa ya faɗa miki? Sani?" Ya tura min ledar da ƙafa. "Sa kayanki. In kin gano aikinki ne, ni da kaina zan raka ki ƙofa. Amma ba a barin wurina da zato."

Muna cikin haka sai ga Baba Buba yana ɗingishi da sanda. Shef ya tashi ya ba shi kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Suka gaisa a hankali, ba bawa ba ubangida. Wannan ya fi komai karya min zuciya.

Shef ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe ya ciro abin da ban san yana da shi ba: tsohon buji, wato fulogi, da aka fasa farin tangaransa, aka liƙa masa bakin hura iska na tayar keke. Ya ce in yanko roba daga cikin tsohuwar taya guda biyu. Ɗaya na sa tsakanin injin da tukunyar hayaƙi na ɗaure, ƙofar fita ta toshe. Ɗayar na sa a bayan karburata, ta wajen da iska ke shigowa, yadda juwan ɗina zai kasance cikin gwajin. Na cire buji na ɗaura nasa. Yanzu injin ya zama kamar gora mai marfi. Da tukunyar hayaƙi take a cire ya sa na leƙa fistan da tocila. Akwai ƴan zane-zane marasa zurfi, alamar ya sha zafi, amma bai kama ba.

"Famfon keke," in ji Shef. "Uku kawai, a hankali. Ba taya kike hurawa ba."

Na hura. Ya miƙo min gwangwanin ruwan sabulu da gashin kaza. Duk inda iska ke fita, kumfa zai tashi.

"Fara da naki."

Na tsoma gashin a ruwan. Na shafa a kewayen juwan ɗina, sama, ƙasa, gefe da gefe. Na tsaya. Na ƙirga a raina har talatin. Babu kumfa ko ɗaya. Na sake shafawa, na sake hurawa. Babu.

"Sani, zo ka gani da idonka," Shef ya ce.

Sani ya sunkuya ya daɗe. Ya miƙe ya ce, "Ya zauna." Daga Sani wannan magana ce babba.

Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga kai. Na zauna a kan benci ban shirya ba, hawaye suka zo. Baba Buba ya ce, "A'a, ni aka yanka, ke ke kuka?" Shef kuwa bai bar ni na huta ba. Ya ce, "Ba naki ba ne. To na wa ne? Tashi."

Na bi sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya. Gindin silinda, inda ya zauna a kan tumbi. Layin da ya raba tumbin biyu. Ɗan siririn tiyon da ke tafiya karburata. Na cire murfin gefe da abin da ke kama sarƙa, na cire faifan ɗaya gefen, don in kai ga zobban roba guda biyu da ke rungume da ƙarfen tsakiya mai juyawa, inda ya fito daga tumbi hagu da dama. Su muke kira juwan-sipi. Na shafa sabulu a duka biyun. Babu kumfa ko'ina.

Sani ya ce, "To ba iska ba ce ke nan. Karburata ce. A juya sukurun ralanti a rage masa gudu, shi ke nan."

Har na fara yarda. Shef ya girgiza kai.

"In ka juya sukuru ka rufe masa baki ne, ciwon yana nan. Balki, fistan in ya sauka me yake yi wa tumbi?"

"Yana matsa iska."

"In ya hau?"

Na ce, "Yana tsotsa."

"Ke kuma tun ɗazu me kike yi?"

"Hurawa."

Nan na gane. Zoben robar yana da leɓe. In ka hura daga ciki, iskar da kanta ke danna leɓen ya manne, ko da ya tsufa. In aka tsotsa ne yake buɗewa. Sai dai ba mu da abin tsotsa. Shef ya ce a ma'adinai akwai na'urar yin haka, a nan sai dabara. Baba Buba ya tambayi me ake nema, aka faɗa masa. Ya ce babban sirinjin da ake yi wa shanu allura zai yi? Yana da shi a gida tun lokacin da yake da shanun. Sani ya ɗauke shi a moto suka je suka dawo.

"Ka gani," in ji Baba Buba yana miƙa wa Shef, "sai da ka koma wa saniya."

"Yau ɗaya dai Bafillace ya yi amfani," Shef ya ce. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Muka cire ƴar allurar da ke cikin bakin hura iskar, muka haɗa sirinjin da guntun tiyo. Na ɗiga man inji a kan zoben hagu, Sani ya ja sirinji, ni ina juya ƙarfen a hankali. Man yana nan yana ƙyalli. Muka kwantar da injin a ɗaya gefen, kamar yadda Baba Buba ya kwantar da shi a kan itace. Na ɗiga a zoben dama, na wajen sarƙa. Sani ya ja. Ina kallo ɗigon ya lotsa, ya shige ciki, ya ɓace kamar an lashe. Na sake ɗigawa, ya sake shanyewa.

Shef ya ce in kama bakin ƙarfen in girgiza. Yana motsi, kaɗan ƙwarai, sai ka rufe ido za ka ji. Boris ɗin da ke riƙe da shi ya ci, rairayi ya gama da shi. Da na zaro zoben, ya bushe ya yi tauri kamar tsohuwar fata, da wata ƴar tsaga da sai an lanƙwasa take bayyana. In injin na da sanyi kuma a zaune, zoben yana iya riƙewa. In ya yi zafi aka kwantar da shi, nauyi ya koma gefe, ƙarfen ya ja, kafa ta buɗe. Kafa biyu ce a injin tun farko. Na toshe wadda na gani, na bar wadda ba a gani.

Na ce, "Shef, to ai duk da haka laifina ne. Ya ce in ya yi zafi. Ban bari ya yi zafi ba. Kuma na ga wayar makunni na bar ta."

Shef ya ɗauki zoben ya duba. Sannan ya ce, "Wayar taki ce, ki riƙe ta. Gwajin kuwa nawa ne. Ni na koya miki finjali, ni na ce madalla daga ƙarƙashin inji. Shekarun da na yi a ma'adinai ba a taɓa sakin inji bai yi aiki da nauyi ba. Na zo nan na bi yadda gari ke yi." Ya juya wajen Baba Buba. "Ka yafe mana."

"Na yafe wa ɗiyata," in ji Baba Buba. "Kai sai na yi shawara."

Zoben da boris babu su a Arlit. Shef ya kira wani abokinsa a Agadez ya karanta masa lambobin da ke jiki, aka sa su a motar fasinja, suka iso bayan kwana biyar. Na raba tumbin biyu, na sauya boris, na sauya zobban duka biyu, ba ɗaya ba. Shef ya ciro takardar juwan ta ainihi da yake ɓoyo a akwatinsa, na yanka na tumbi da na gindin silinda. Na karburata ya ce in bar nawa na kwali, ya ci jarrabawa. Na sa sabuwar waya a makunni. Birkin sarƙa ne ba mu samu ba, an ce a jira, kuma mun faɗa wa mai shi a fili.

Gwajin ranar ya ɗauki rabin yini. Muka hura, muka tsotsa, duka suka riƙe. Na cika tanki har baki. Baba Buba ya sa an kawo gungume daga itacen da ya yanka. Na tayar, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ya tashi sai da na ja da baya taku biyu. Sani ya yanka gungumen har injin ya yi zafin da ba a taɓa shi. Sannan ya miƙo min. Na saki yatsa, ya sauka. Na kwantar da shi dama, na ƙirga sittin. Tuk-tuk-tuk. Hagu, sittin. Baki sama, baki ƙasa. Sautin bai sauya ba, sarƙa ba ta motsa ba. Na danna makunni, ya mutu nan take. Na sake tayarwa na sake kashewa, sau biyar, har Shef ya ce, "Ya isa, Balki, kin ji ai." Na ji, amma so nake in ƙara ji.

Asabar ɗin da ta wuce Baba Buba ya koma ya ƙarasa itacen. Ya aiko a kira ni, na kasa zuwa. Da la'asar ya biyo ta atiliye a kan ƙafafunsa biyu, ya ce matar maƙwabcin tana gaishe ni.

Ga abin da na koya, ku da za ku zauna a teburin nan bayana. Kafar farko da kuka gani ba lalle ita kaɗai ba ce, kada murnar ganinta ta rufe muku ido. Ku hura, ku tsotsa. Kada ku taɓa sukuru sai kun tabbata tumbi a rufe yake. Abin da zai kashe inji a lokacin tsoro, ko ba a ce ku gyara ba, ku gyara. Kuma mai inji, ko da wasa yake magana, ya fi ku sanin ciwon, shi ke kwana da tashi da shi. Game da mutanen sana'ar nan kuwa, na ga wanda aka yanka ya rufa min asiri a gaban likita, na ga mai atiliye ya ɗauki rabon laifinsa a gaban yaransa. Ban san ana yin haka ba.

Yanzu duk wanda ya kawo min inji, kafin in taɓa kwalin kayan aiki sai na ce, "Nuna min yadda yake zama in yana aiki." Wasu dariya suke yi. Jiya wani mai garka ya kawo famfo, na tambaye shi, ya ce a bakin rijiya yake ajiye shi, wurin gangare ne, gaba ya fi baya tudu. Na juya ina neman abin da zan tokare shi da shi a kan tebur. Kafin in samu, Sani ya fita waje ya dawo da dutse, ya sa a ƙarƙashin injin, ya ce wa mutumin, "Haka? Ko a ƙara?"